Sabon Darasi a Makarantun Likitocin Haƙori: Gyara Baki Ba Tare da Ɓata Muhalli Ba

Duk wanda ya taɓa leƙa kwandon sharar asibitin haƙori da yamma, in aka tambaye shi ta ina wannan sana'a ke cutar da muhalli, zai rantse ya san amsar. Safar hannu ce jibge, ga takunkumi, ga kofunan kurkure baki, ga bututun zuƙe yawu, ga ledar da ake naɗe hannun fitila da ita, kowanne an yi amfani da shi sau ɗaya an yar. To, da hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila ta sa aka zauna aka yi lissafi, sai lissafin ya nuna wani waje dabam.

Rahoton ya fito a 2018, bisa alƙaluman shekarar 2013 zuwa 2014. Aikin haƙori da ake yi a ƙarƙashin tsarin lafiya na gwamnati, wato NHS, yana jawo hayaƙin da ya kai kimanin tan 675,000 na iskar kabon a shekara a Ingila kaɗai. Kashi 64.5 cikin 100 na wannan hayaƙi a kan titi yake tashi: majinyata na zuwa suna komawa, ma'aikata na zuwa aiki suna tashi. Sayen kayan aiki ya ɗauki kashi 19, wuta da ɗumama ɗakuna kimanin kashi 15. Zubar da shara kuwa, wanda shi ido ya fi gani, ko kashi 1 bai kai ba. Wannan ba ya wanke roba daga laifi, domin hayaƙin ƙera ta yana cikin kason sayayya. Amma ya nuna cewa asibitin da ya jera kwandunan shara kala-kala yana alfahari, alhali yana kiran majinyaci sau huɗu a kan aikin da za a gama a zuwa biyu, ya kama reshe ne ya bar tushe.

A kan wannan lissafi aka gina darasin da yanzu ke shiga manhajar makarantun koyon aikin haƙori a Birtaniya da Ayaland da wasu ƙasashen Turai.

Waɗanda suka ɗauko maganar

Harkar lafiya gaba ɗayanta ba ƙaramin hayaƙi take fitarwa ba. Ƙungiyar Health Care Without Harm ta ƙiyasta a 2019 cewa kashi 4.4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga asibitoci da masana'antun da ke ciyar da su yake fitowa. Da ƙasa ce, da ita ce ta biyar a duniya. A watan Oktoban 2020 hukumar NHS ta Ingila ta yi alƙawarin kawar da nata kason nan da 2040, da na masu kawo mata kaya nan da 2045. Alƙawari irin wannan ba ya cika sai wanda ke riƙe da kayan aiki ya san abin da ake so ya canza.

A ɓangaren haƙori, sunaye biyu ne ke yawan fitowa. Akwai Brett Duane na Kwalejin Trinity da ke Dublin, wanda ya jagoranci wancan lissafi na Ingila, da Nicolas Martin na Jami'ar Sheffield. Tarayyar likitocin haƙori ta duniya, FDI, mai hedkwata a Janiba, ta fitar da matsayarta kan batun a taronta na Madrid a 2017, ta kuma biyo da wata sanarwar haɗin gwiwa a 2022 wadda masana na Sheffield suka taka rawa wajen tsara ta. A 2023 ƙungiyar malaman makarantun haƙori ta Turai ta wallafa jerin abubuwan da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya kammala, da yadda za a koyar da su a kuma jarraba shi. A shekarar ce kuma hukumar da ke ba likitocin haƙori lasisi a Birtaniya ta sa kula da muhalli cikin sabbin sharuɗɗan da kowace makaranta za ta cika. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mai nauyi. Ɗalibi, a Sheffield yake ko a Kano, abin da zai fito a jarrabawa yake karantawa.

Haƙorin da bai ruɓe ba

Abu na farko da ake son ya zauna a kan ɗalibi shi ne tarihin rayuwar haƙorin da aka taɓa fafewa. Yaro ɗan shekara goma ya zo da ƙaramin kogo, an fafe ruɓar an cike. Cikon ba ya dawwama. Bayan wasu shekaru gefensa ya buɗe, ko ya tsage, sai a cire a sake, kuma kowace sakewa sai an ƙara cin lafiyayyen haƙori. Kamar facin taya ne: kowane sabon faci ya fi na baya faɗi, tayar kuma tana ƙara rauni. Daga nan ruɓa ta kai jijiya, a yi aikin jijiya na zuwa biyu ko uku, a sa wa haƙorin hula wadda sai an aika ɗakin ƙera haƙora an dawo da ita, a ƙarshe a cire shi a dasa na ƙarfe. Kowane mataki tafiya ce a mota, da sabon faranti na kayan aiki, da zagaye ɗaya na tukunyar turara kaya, da ledoji, da allura. Idan aka hana kogon farko, an soke wannan jerin duka.

Shi ya sa malaman wannan fanni ba sa ɗaukar rigakafi a matsayin wani babi na gefe. Duane da abokan aikinsa sun kwatanta hanyoyin kare haƙoran al'umma a 2022: sa sinadarin fuloraid a ruwan famfo, shafa shi a haƙoran yara a makaranta, goge baki a aji ƙarƙashin kulawar malami, da rabon buroshi da makilin. Sa fuloraid a ruwa ne ya fito da mafi ƙarancin nauyi a kan muhalli, tunda babu wanda zai hau mota dominsa. Harajin da Birtaniya ta ɗora wa lemon kwalba mai sukari tun watan Afrilun 2018 shi ma ya shigo cikin misalan aji: wani bincike na 2023 ya gano an samu raguwar kusan kashi 12 cikin 100 na yaran da ake kwantarwa asibiti don cire musu ruɓaɓɓun haƙora. Kowane yaro cikin waɗannan da sai an sa shi barci da iskar tiyata, da iyayensa sun bar aiki sun yi jigila.

Sai kuma tsohuwar al'adar nan ta dawowa duk bayan wata shida. Tun 2004 hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce a daina yi wa kowa kuɗin goro: babba mai lafiyayyen baki zai iya kai wata 24 kafin a sake duba shi, mai haɗarin ruɓa kuwa a kira shi bayan wata 3. Yara ba sa wuce wata 12. Shawarar ta daɗe, amma al'ada ba ta saurin mutuwa, musamman inda kowace ziyara kuɗi ce ga asibiti. Yanzu ana koya wa ɗalibi ya auna haɗarin kowane mutum, ya haɗa ayyuka biyu a zama ɗaya in majinyaci zai iya jurewa, ya ba uwa da 'ya'yanta rana guda, ya kuma yi bibiyar da ba ta buƙatar buɗe baki ta waya.

Zaiba

Inda darasin ya fi shiga hannu sosai shi ne batun amalgam, baƙin cikon nan mai ƙyallin azurfa da ke bakin miliyoyin mutane. Kusan rabinsa zaiba ce, sauran garin azurfa da kuza da tagulla. Yana zuwa a ɗan kwanso, a sa a inji ya girgiza shi na 'yan daƙiƙoƙi, ya fito da laushi. Likita ya danna shi cikin kogo, ya sassaƙe abin da ya yi yawa. Ɓarɓashin nan da aka sassaƙe, bututu ya zuƙe wani, majinyaci ya kurkure ya tofar da wani a ɗan kwanon da ke gefen kujera, ruwa ya tafi da shi. Ranar da za a cire tsohon ciko kuwa, injin fafewa ne zai niƙe shi ya zama ƙura, ita ma ta bi bututu. Daga kwata sai rafi, kuma a cikin laka ƙwayoyin halitta na juya zaiba ta koma nau'in da ke taruwa a jikin kifi, ta hau har kan wanda ya ci kifin. A ƙasashen da ake ƙona gawa, cikon bakin mamaci ma tururi yake zama ya bi iska.

Duniya ta san abin da zaiba ke yi tun abin da ya faru a garin Minamata na Japan, inda aka tabbatar da cutar a 1956 bayan kamfanin Chisso ya daɗe yana zuba dagwalon masana'anta a teku. Sunan garin aka ba yarjejeniyar da ƙasashe suka amince da ita a 2013, ta fara aiki a watan Agustan 2017. Norwe ta riga kowa, ta hana amalgam tun 2008, Suwidin ta biyo a 2009. Tarayyar Turai ta bi a hankali: daga Yulin 2018 ba a sa wa yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu ciki da masu shayarwa, daga Janairun 2019 dole kowane asibitin da ke taɓa shi ya sa na'urar tace ɓarɓashi a bututunsa, daga 1 ga Janairun 2025 kuma an hana shi sai in likita ya ga larura ta musamman. Taron ƙasashen yarjejeniyar da aka yi a Bali a 2022 ya shimfiɗa kariyar yara da mata masu ciki ga sauran duniya, na Janiba a Nuwamban 2025 kuma ya sa 2034 a matsayin shekarar da za a daina gaba ɗaya.

A takarda abin da sauƙi. A ɗakin koyon aiki, inda ɗalibai ke sunkuye a kan kawunan roba masu buɗaɗɗen baki, nan ake gane wahalar. Amalgam abu ne mai haƙuri: ko yawu ya ɗan taɓa wurin zai zauna, yana da arha, yana daɗewa, ba ya cin lokaci. Cikon kwamfozit mai launin haƙori ba shi da wannan haƙuri. Sai an killace haƙorin ya bushe ƙamas, an shafa sinadarin da zai sa ya manne, an zuba shi kaɗan-kaɗan ana haska shi da fitila mai shuɗin haske har ya daskare. Wanda bai ƙware ba zai yi cikon da zai buɗe da wuri, majinyaci ya dawo, a koma cikin wancan jerin na sakewa. Ka ga ke nan an guje wa zaiba an faɗa hayaƙin mota. Shi kansa kwamfozit dangin roba ne, ƙurarsa ma tana bin bututu. Malamin kirki yana faɗa wa ɗalibansa wannan ƙarara, ba ya nuna musu cewa an bar mugu an kama waliyyi.

Akwai kuma abin da ake jaddadawa, wanda ya kamata mai karatu ma ya riƙe: tsohon ciko na amalgam da ke zaune lafiya ba a cire shi don kawai tsoron zaiba. Cirewar ce ke tayar da ƙura, kuma tana cin haƙori. Ma'ana, ko an daina sa sabo, likitoci za su yi shekaru da dama suna cin karo da tsoho, don haka na'urar tacewa da kwalbar ajiye ɓarɓashi ba su gama aiki ba.

Tsakanin tsafta da ɓarna

Masu bincike na Sheffield sun tsaya sun ƙirga, suka samu cewa aikin haƙori guda ɗaya na cin kimanin kayan roba 21 da ake yarwa bayan amfani ɗaya. Wasu daga cikinsu ba a yi musu gardama. Allura ba a maimaita ta. A 2007 ma hukumomin Birtaniya sun umarci a daina sake amfani da 'yan ƙananan ƙarafan da ake share jijiyar haƙori da su, saboda tsoron cutar ƙwaƙwalwar nan mai alaƙa da haukan shanu, wadda turarawa ta yau da kullum ba ta tabbatar da kashe ta. Babu malamin da zai ce a sassauta irin wannan don a rage shara.

Abin da ake koyarwa shi ne rarrabewa: wanne ne hujjar kimiyya ta wajabta, wanne ne tsoro ko sabo ya kawo. Asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan ya yi wani gangami a 2018 na rage sa safar hannu inda wanke hannu ya wadatar, kuma ya zama misalin da ake yawan kawowa. Madubin baki da ɗan tsinken bincike na ƙarfe da ake turarawa sun fi na roba da ake yarwa sauƙi a kan muhalli, ko da an lissafa wuta da ruwan turarawar. Buɗe fakiti goma a kan faranti don ko za a buƙata, a ƙarshe a yi amfani da uku a zubar da bakwai, wannan ba tsafta ba ce. Haka jefa takarda da kwali cikin jakar shara mai haɗari, wadda ake ƙonawa da tsada.

Kayan aikin da ake ba ɗalibi don wannan rarrabewa shi ne bin diddigin abu tun daga haƙo ma'adininsa har zubar da shi. An gwada shi a kan buroshi a 2020, mai lantarki ya fi kowanne nauyi, na gora da wanda ake canza wa kai suka fi sauƙi. Iskar naitiros oksaid da ake shaƙa wa masu fargaba, wadda ake kira iskar dariya, ita ma tana cikin lissafi, domin ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na kabon fiye da sau 250; ba a ce a hana yaro mai tsoro ita ba, an ce a toshe yoyon bututu a daina barin tulu a buɗe.

A nan zan ɗan ratse. Aikin da FDI ta yi a kan wannan batu ya samu tallafin manyan kamfanoni irin su Colgate da Dentsply Sirona da Procter & Gamble. Ba laifi ba ne, su ke ƙera kayan, dole a zauna da su. Amma a ganina duk makarantar da ta koyar da wannan darasi ba ta koya wa ɗalibi yadda zai tuhumi koren tambarin da ke jikin kwali ba, ta yi rabin aiki.

Wa zai koyar da malamin?

Matsalar da makarantu suka fi fama da ita ba ƙin yarda ba ce. Manhaja a cike take maƙil, kuma malaman da ke tsaye a kan ɗalibai a asibitin koyarwa ba wanda ya koya musu wannan a zamaninsu. Ɗalibi zai saurari lacca da safe a kan rage ɓarna, da rana ya ga babban likita ya yage fakiti biyar ya yi amfani da ɗaya. Wanda ya gani da ido shi zai ɗauka. Don haka shawarar da masanan Turai suka bayar ita ce kada a ware masa awa biyu a ƙarshen zango a ce an gama. A cusa shi cikin kowane darasi. Mai koyar da ciko ya yi maganar daɗewar ciko, mai koyar da hana yaɗuwar cuta ya yi maganar safar hannu, mai koyar da lafiyar al'umma ya yi maganar sukari da tafiya. A kuma ba ɗalibai aikin auna wani abu na gaske a asibitinsu, su kawo gyara.

Kuma ba likita kaɗai ba. Nas ce ke shirya faranti, ita ke loda tukunyar turarawa, ita ta san ko an kunna ta a cike ko rabi. Mai ƙera haƙora, mai wanke baki, mai kula da sito da ke rubuta odar kaya, kowanne yana riƙe da wani kaso.

A namu ɓangaren

Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Minamata a 2018, Nijar a 2017, kuma ƙasashen Afirka ne suka matsa a taron ƙasashen yarjejeniyar na 2023 a sa wa'adin daina amalgam. Don haka maganar ta shafe mu kai tsaye. Sai dai kwafo alƙaluman Ingila a karanta wa ɗaliban Jami'ar Bayero ko ta Maiduguri ba zai yi amfani ba. Asibitin da ke tafiya da janareta rabin yini, lissafin wutarsa dabam ne, kuma allon sola a rufinsa zai iya fin duk wata dabara tasiri. Inda ake ƙona shara a rami a bayan gini, rarraba ta na da muhimmancin da ba ta da shi a Landan: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba mai haɗari ba ce, kuma ƙona roba a buɗaɗɗen wuri guba yake saki ga maƙwabta. Inda har yanzu ake wanke hoton haƙori da ruwan sinadari, akwai dalma a cikin fakitin fim, akwai azurfa a ruwan wankin. Mutanen da suka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sa buƙatar dogon bayani. Hanyar aunawa ya kamata a ɗauko, a zo a auna namu.

Wani abin kuma, kada wannan magana ta zama hujjar rage wa talaka kulawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum biliyan 3.5 na fama da cutukan baki, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Namu ciwon ƙarancin jinya ne. Mutum na jure ciwon haƙori da kanumfari har fuska ta kumbura, sannan ya hau mota daga ƙauye ya zo a cire. Kai kulawa kusa da shi, a asibitin matakin farko, yana rage tafiya yana kuma ceton haƙorin.

Dabarar yin hakan ma a Afirka aka haife ta. A tsakiyar shekarun 1980, wani likita ɗan Holan mai suna Jo Frencken, yana aiki a Tanzaniya, ya ɓullo da hanyar kwashe ruɓa da kayan hannu kawai a cike da simintin gilas ayonoma: ba inji, ba lantarki, ba zaiba, sau da yawa ba allura. Ya fi dacewa da ƙananan koguna, kuma simintin na sakin fuloraid a hankali. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan siminti, da makilin mai fuloraid, da wani ruwan azurfa mai tsayar da ruɓa, cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba.

Karatun likitan haƙori a Najeriya shekara shida ne, sai shekara guda ta sanin makamar aiki. Wanda ya shiga aji ɗaya a 2026, in yajin aiki bai ci masa lokaci ba, zai fara tsayawa da ƙafarsa ana saura shekara ɗaya wa'adin 2034 ya cika. Yawan cikon kwamfozit da gilas ayonoma da zai yi da hannunsa kafin ya fita, da ko makarantarsa na da isassun fitilu da kayan killace haƙori, da wanda zai karɓi ɓarɓashin amalgam ɗin da zai tara daga bakin tsofaffin majinyata, duk abubuwa ne da hukumar kula da likitoci ta ƙasa da shugabannin tsangayoyi za su yanke tun yana ajin farko.